Tsohon keke mai giya da ke jingine a zaure: yadda ake gane shekarunsa, a gyara shi da kayan zamaninsa

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya fara dawo da mutuncinsa a garuruwan Kebbi. Ɗalibin da ke zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da malamin firamaren da aka tura wani ƙauye a bayan Gwandu, da manomin da gonarsa ke can cikin fadama, duk lissafinsu ɗaya ne: kuɗin kabu-kabu na kullum ya fi ƙarfin aljihu. Sai aka koma zaure da bayan ɗaki ana jawo kekunan da ƙura ta binne.

Yawancin abin da ake jawowa kashi biyu ne. Akwai baƙin keken nan na iyaye da kakanni, mai birkin sanda da kariya mai ɗaukar buhu, irin su Raleigh ta Ingila wadda har masana'anta ta taɓa yi a Kano, da Phoenix ta China, da Hero ta Indiya. Akwai kuma mai giya, mai faffaɗar taya da miƙaƙƙen kai, wanda ya shigo cikin kayan Kwatano bayan ya gama rayuwarsa ta farko a Turai, Amurka ko Japan. A kan wannan na biyu ne ake yawan yin asara. Wasu daga cikinsu kekuna ne da aka ƙera da bututun ƙarfe mai tsada a shekarun 1980 da 1990, waɗanda a ƙasashen da suka fito akwai masu bin su suna tarawa, amma a nan sai a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, ko a kai wa mai walda ya ƙona su, ko a cusa musu kayan da ba nasu ba har su daina shiga giya gaba ɗaya.

Daga ina wannan keken ya samo asali?

An ƙirƙire shi ne domin gangaren dutse. A tsakiyar shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su a kan hanyar burji. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere da suka kira Repack, domin birkin da ke cikin cibiyar tayar baya yakan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na musamman saboda wannan aiki, kuma wannan keke nasa na farko yau yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekunan da Tom Ritchey ke ƙera wa firam. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka yi da yawa a masana'anta a Japan, daga nan kowane kamfani ya shiga. Gasar duniya ta farko a hukumance an yi ta a 1990 a Durango, kuma wasan ya shiga Olamfik a 1996.

Amfanin wannan tarihi ga mai gyara shi ne, tsakanin 1981 da 1996 kusan kowace shekara biyu sai an canza wani abu a jikin keken. Wanda ya saba da waya ya san wannan ciwon: cajar da ta shiga wannan ba ta shiga waccan, manhajar da ta hau kan sabon Android ta ƙi tsohon. Keke mai giya ma haka yake, sai dai shi ba ya nuna saƙon kuskure, ƙara kawai yake yi, sarƙa ta riƙa tsalle, ko birki ya ƙi kamawa a daidai lokacin da akuya ta ratso titi.

Gane shekarar keken

Hanya mafi sauri ita ce haruffa biyu da kamfanin Shimano ke bugawa a jikin kayansa: a bayan hannun feda, a jikin birki, a cikin abin da ke sauya sarƙa daga giya zuwa giya. Harafin farko shekara ne, na biyu wata. An fara da A a 1976, don haka K na nufin 1986, M 1988, O 1990, Q 1992, U kuma 1996. Watanni suna tafiya daga A, Janairu, zuwa L, Disamba. Idan aka ga PC, an yi wannan ƙarfen a Maris na 1991. Haruffan sun sake zagayowa daga A a 2002, saboda haka sai an haɗa da ido: abin da ke da harafin A amma ƙirarsa ta zamani ce, na 2002 ne. A duba aƙalla abu uku. Idan ukun sun faɗa cikin shekara ɗaya ko biyu, to kayan asali ne, kuma keken ya fito kasuwa a wannan shekarar ko wadda ke biye. Wanda ya saɓa wa sauran, shi ne aka canza a hanya.

Ko ba haruffa, ƙirar keken tana magana. Birkin baya da aka ɗaura a ƙasa, kusa da inda feda ke juyawa, yayi ne na wajajen 1986 zuwa 1988, kuma an bar shi saboda yana tara laka. Farantin sarƙa na gaba da ba zagayayye sosai ba, mai ɗan kama da ƙwai, shi ne Biopace na Shimano, daga 1983 zuwa farkon shekarun 1990. Mutane da yawa suna ɗauka lanƙwashewa ya yi, har a sa guduma a kansa, alhali haka aka yi shi. 'Yar sandar canza giya da ke zaune a saman kai ana tura ta da babban yatsa ta shekarun 1980 ce zuwa farkon 1990. Maɓallai biyu a ƙarƙashin kai, wato Rapidfire, sun zo wajajen 1990. Fok ɗin gaba mai lotsawa ya fara da RockShox a 1989, amma bai zama ruwan dare ba sai tsakiyar shekarun 1990. Birkin nan mai dogayen hannaye biyu a tsaye da waya ta ratsa samansu, wanda yanzu yake kan kekuna da yawa, Shimano ya fito da shi a 1996. Kafin shi, gajerun hannaye ne da waya mai siffar dala ke ja daga sama.

Sannan sai tambayar ko keken ya cancanci wahalar. Ba kowane tsohon keke ne mai daraja ba, akasarinsu ma na manyan kantuna ne masu araha tun suna sabbi. A nemi 'yar takardar da ke manne a bututun da sirdi ke shiga. Idan an ga Tange, Reynolds, Columbus, True Temper, ko Cr-Mo, ko lambar 4130, bututun na ƙarfe mai kyau ne, siriri a jiki amma mai ƙarfi. Idan takardar ta goge, a kalli bakin da tayar baya ke shiga: mai kauri da aka zuba, wanda ke da kunnen ɗaura mai sauya sarƙa a jikinsa, alamar keke mai kyau ce, falle siriri da aka matse a bakin bututu alamar mai araha ce. Sandar sirdi ma tana ba da shaida, domin an buga kaurinta a jikinta. Mai milimita 25.4 galibi na bututu mai kauri da nauyi ne, mai 26.8 zuwa 27.2 kuwa na siririn bututu ne. Sunayen da ya kamata mutum ya tsaya ya duba da kyau sun haɗa da Specialized Stumpjumper da Rockhopper, Trek 930, 950 da 970, Bridgestone mai harafin MB, Marin, Kona, da GT wadda ake ganewa daga nesa saboda sandunan bayanta suna wuce bututun sirdi su haɗu da na sama, su yi ƙaramar kusurwa ta uku. A kayan Shimano kuma, Deore XT, wanda ya fara a 1983, da Deore DX da LX, da XTR na 1992, su ne na sama.

Abin da ke kashe keken tun kafin a fara

Fenti. Abin da kowa ke fara yi shi ne a kai a fesa masa sabon launi ya yi ƙyalli, kuma shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Fentin asali da rubutun kamfani su ne katin shaidar keken. Da zarar an kankare su, Stumpjumper da keken kanti sun zama ɗaya a idon mai saye, kuma masu tarawa sun fi son tsohon fenti mai tabo a kan sabo. Ruwa da sabulu da tsumma sun isa. Inda tsatsa ta ci, a goge wurin kaɗai a ɗiga masa abin da zai rufe shi. Ƙananan notuna da suka yi ja, a jiƙa su cikin ruwan tsami na kwana ɗaya, a wanke, a shanya, a shafa musu mai. Ƙarfe mai walƙiya kuma takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa tana cire masa tsatsa ba tare da ta karce shi ba.

Na biyu walda. Bututun kirki a tsakiyarsa bai kai milimita ɗaya kauri ba, wutar da ake haɗa ƙofa da taga da ita huda shi take yi ko ta bar shi da rauni. Firam na alminiyam ya fi haka muni, domin irin wanda aka fi amfani da shi yana buƙatar a sake gasa shi a tanda ta musamman bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Maganaɗisu zai nuna ko ƙarfe ne ko alminiyam. Firam na alminiyam da ya tsage, a cire kayan jikinsa a ajiye, shi kuma a haƙura da shi. Kafin a kashe ko sisi, a wanke keken a duba bayan wuyansa, inda bututu biyu suka haɗu da na kai. Idan fenti ya yi ƙunci ko ya kumbura a nan, keken ya taɓa yin karo da gaba, kuma fok ɗinsa ma sai an duba ko ya koma baya.

Na uku sandar sirdi da ta kafe. Alminiyam da ya shekara ashirin a cikin bututun ƙarfe ba giris yakan manne kamar an yi masa walda. A gwada ta tun a wurin ciniki. Idan ta ƙi motsi, kuma tsayinta bai dace da mai hawa ba, wannan kaɗai ya isa a fasa saye.

Me ya sa sai kayan zamaninsa?

A Turai dalilin sha'awa ne, mutum yana son keken ya koma kamar yadda yake a littafin tallan kamfani na shekarar. A Gwandu da Kalgo akwai dalilin da ya fi wannan nauyi: kayan zamaninsa su ne suke aiki da shi.

A ɗauki birki. Sabon birki mai dogayen hannaye yana buƙatar maƙamar da ke jan waya da yawa. Idan aka haɗa shi da tsohuwar maƙama, za ta lotsa har ta taɓa kai kafin robar ta kama wili da kyau. Idan aka juya, aka haɗa sabuwar maƙama da tsohon birki, hannu zai ji tauri kamar abin kirki, amma keken ba zai tsaya ba. Masu faci da yawa suna yin wannan haɗin da kyakkyawar niyya. Shi kuwa birkin ƙasa na 1986 zuwa 1988, ƙusoshin da yake zama a kai ba a wuri ɗaya suke da na sauran ba, ba wani birki da zai hau wurin sai irinsa.

Giya ma haka. Daga 1987 Deore XT ya fara shiga giya da ƙas-ƙas, kowane taki giya ɗaya, kuma wannan yana aiki ne kawai idan abin hannun da haƙoran baya adadinsu ɗaya: mai taki 7 da haƙora 7. Kayan SunTour, abokin hamayyar Shimano a lokacin, tazararsu daban ce, ba sa jituwa da na Shimano a wannan tsari. Labari mai daɗi shi ne, a ɓangaren Shimano mai sauya sarƙa na baya daga giya 6 har 9 jan wayarsu iri ɗaya ne, ana iya musanya su, kuma sarƙa ɗaya tana yi wa 6, 7 da 8. Haƙora 7 za su hau cibiyar da aka yi don 8 idan aka sa zoben cike gurbi na milimita 4.5, amma 8 ba za su hau ta 7 ba. Tsohuwar sandar babban yatsa kuma tana da wata baiwa: a yawancinsu akwai ɗan maɓallin da ke kashe ƙas-ƙas ɗin, ta koma tafiya sumul, mai hawa ya daidaita da kunnensa. A haka za ta yi aiki da kusan kowane irin haƙora. Ga wanda ke zaune nesa da kasuwar kayan keke, babu abin da ya kai ta.

Rapidfire da ya daina kamawa, ana turawa yana wucewa fayau, mafi yawan lokuta bai lalace ba. Giris ɗin ciki ne ya daskare ya riƙe 'yan ƙananan haƙoran. A buɗe murfin, a wanke da kananzir ko man fesawa, a yi ta turawa har ya fara ƙara, sannan a sa mai mara kauri. An zubar da da yawa a banza saboda rashin sanin wannan.

Taya ita ce inda aka fi cin kuɗin mutane. Rubutun inci 26 bai isa ba, domin akwai tayoyi fiye da ɗaya masu wannan suna da ba sa shiga wilin juna. A nemi lambar da ke da tsaga a tsakiya, kamar 50-559. Ta keken dutse 559 ce. Mai 590 ta kekunan gari ce irin na Ingila da Japan, babban baƙin keke mai inci 28 kuma 635 ne. Kuma tunda an ambaci baƙin keke: tsofaffin Raleigh na Nottingham zaren notinsu na wuya da na gindin feda 26 ne a kowane inci, na yawancin sauran kekuna 24. Wanda ya tilasta wa ɗaya shiga ɗaya ya cinye zaren har abada. Fedar hagu kuma a kowane keke a juye take kwancewa.

Inda ya kamata a saɓa wa masu tarawa

Akwai masu nacewa sai taya da robar birki ma na shekarar keken. Wannan na keken da za a rataye a bango ne. Roba mai shekara talatin ta bushe, a zafin watan Afrilu na Kebbi fashewa za ta yi. Taya, tub, robar birki, wayoyin birki da na giya, sarƙa da boris, duk a sa sabbi ba tare da jin kunya ba. Wili kuma a shafa gefensa da yatsa, idan birki ya cinye shi ya yi kwari, a canza shi ko da na asali ne, domin irinsa kan tsage ne lokacin da aka cika iska.

Fok mai lotsawa na farkon shekarun 1990 shi ma abin tunani ne. Da yawansu, irin su Manitou na farko da RockShox Quadra, wasu dunƙulen roba ne a ciki a madadin sifirin, kuma da tsufa sukan narke su zama kamar ƙaro ko su farfashe. Samun sabbinsu sai daga waje da dala. Ga hanyar yashi da burji mara duwatsu irin ta tsakanin ƙauyukan Gwandu, fok na ƙarfe mara lotsawa da taya mai faɗin inci biyu da ba a cika mata iska sosai ba sun fi dacewa, kuma ba abin da zai lalace a ciki. Sai dai a auna wuyan, domin akwai mai inci 1 da mai inci 1 da ɗaya bisa takwas, akwai mai zare da mara zare. A ajiye tsohon fok ɗin, kada a yar. Ranar da za a sayar wa mai tarawa zai tambaya.

Ƙaya da tsidau kuwa ba su san tarihin keke ba. Tsohon tub da aka tsaga aka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub yana rage yawan zuwa wurin mai faci. Baƙin man inji da ake zuba wa sarƙa, a lokacin hunturu yashi yake kamawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin haƙora, waɗanda su ne suka fi wuyar samu. Mai kaɗan, a goge saura da tsumma.

Ina za a samo kayan?

Sayowa daga eBay yana yiwuwa, amma kuɗin aikowa sau da yawa ya fi na keken duka. Mafi araha shi ne wani mataccen keke na zamani ɗaya, wanda firam ɗinsa ya tsage ko ya lanƙwashe amma kayan jikinsa lafiya lau. Irinsu suna nan a tarin da ke bayan rumfunan masu gyara a Birnin Kebbi da Jega, da wurin 'yan gwangwan, kuma farashinsu na ƙarfe ne. A tafi da sufana da maganaɗisu da waya. Kowane kayan Shimano yana da lambar samfuri a jikinsa, misali RD-M735 ko FC-M730. A ɗauki hotonta a bincika a intanet, shekara da matsayinsa za su fito. Littattafan tallan kamfanoni na waɗannan shekarun masu sha'awa sun ɗora su a intanet, suna nuna abin da kowane keke ya zo da shi har launin sirdi, kuma shafin marigayi Sheldon Brown, wani bakaniken keke na Amurka da ya rasu a 2008, har yau shi ne inda ake komawa don teburorin awo. Idan za a yi saƙo daga Sakkwato ko Kano, hoton lambar ake turawa ta WhatsApp, ba kwatance da baki ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare, musamman yadda wayoyi suka bi da yadda aka jera wasoshi a cibiyar taya. Kowane rukuni a zuba shi a ledarsa da takardar suna, kuma a ƙirga boris ɗin kowane gefe tun suna ciki: a cibiyar baya ta Shimano galibi 9 ne a kowane gefe, a ta gaba 10, kuma girmansu ba ɗaya ba ne.